Ƙananan galaksi da ke kewaye da mu da tarihin da taurarinsu ke ɗauke da shi

A shekarar 1938 ne Harlow Shapley, wanda yake shugabantar cibiyar nazarin taurari ta Jami'ar Harvard a lokacin, ya sanar da cewa an gano wani irin tarin taurari da ba a san irinsa ba, a cikin hotunan sararin samaniya da aka ɗauka a tashar Boyden da ke Afirka ta Kudu. Abin da ya fito a jikin farantin hoton ɗan dishi-dishi ne kawai, sai da aka ƙura masa ido sosai sannan aka gane cewa ɗimbin taurari ne masu raunin haske da suka taru wuri guda ba tare da sun cushe ba. Wannan shi ne galaksin Sculptor (galaksi tarin taurari ne masu yawa da ƙarfin jan juna ya riƙe su wuri guda), wanda ke da nisan shekarun haske kimanin 280,000 daga gare mu (shekarar haske ita ce tazarar da haske ke ci cikin shekara guda), kuma a cikin wannan shekarar aka gano Fornax, wanda ya fi shi girma da nisa. Daga baya aka ci gaba da tsinto irinsu ɗaya bayan ɗaya: Leo I da Leo II a 1950, Draco da Ursa Minor a tsakiyar shekarun 1950, Carina a 1977, Sextans a 1990, sai Sagittarius a 1994, wanda aka tarar galaksinmu na Milky Way yana cikin yayyaga shi.

Idan aka auna su da girma, waɗannan galaksi ba su kai a tsaya a kansu ba. Milky Way yana da taurari aƙalla biliyan 100, alhali Sculptor bai wuce 'yan miliyoyi ba, akwai ma wani da ake kira Segue 1 wanda taurarinsa duka ba su fi dubu ɗaya ba. Amma suna da wata daraja da manyan galaksi masu nisa ba su da ita, wato kusancinsu ya sa ana iya rarrabe taurarinsu ɗaya-ɗaya, a auna hasken kowanne da launinsa da sinadaran da ke jikinsa. Galaksin da ke can nesa haskensa a cakuɗe yake isowa, sai dai a yi kirdado a kan abin da ke cikinsa. A nan kuwa ana ƙidaya ne. Na daɗe ina ganin cewa duk mai son ya fahimci yadda galaksi ke haifar taurari, da yadda yake daina haifa, ya kamata ya fara da waɗannan ƙananan, kuma a iya fahimtata tarihin kowannensu yana komawa ne ga tambaya guda: shin ya iya riƙe iskar gas ɗinsa, wadda daga ita ake haifar taurari, kuma har zuwa yaushe?

Kafin a kai ga wannan, dole a san yadda ake gane shekarun tauraro, domin a kan haka komai ya ginu. Tauraro yana rayuwa ne ta hanyar narkar da haidurojin da ke tsakiyarsa ya zama hiliyam, kuma gwargwadon nauyinsa gwargwadon saurin da yake cinye wannan makamashi. Tauraron da ya ninka rana nauyi sau 20 ko fiye, mai zafi da shuɗin haske, yakan ƙare cikin 'yan miliyoyin shekaru, alhali ranarmu tana da wa'adin kimanin shekaru biliyan 10, wanda ta ci kusan biliyan 4.6 daga ciki. Idan aka ɗauki taurarin da aka haifa lokaci guda, aka zana haskensu a gefe ɗaya da launinsu a ɗaya gefen, za a ga sun jeru a kan layi guda. Da tafiyar zamani manyan da ke saman layin sukan ƙare makamashinsu, su kumbura, su yi ja, su bar layin, saboda haka layin yake raguwa daga sama. Wurin da layin ya karkace yana nuna nauyin taurarin da ke kan barinsa a yanzu, nauyin nan kuwa shi ke faɗin shekarun taron gaba ɗaya. Wahalar ita ce makarkatar tsofaffin taurari tana da raunin haske ƙwarai, shi ya sa aikin bai kankama ba sai da aka samu kyamarori masu ƙarfi da madubin hangen nesa na Hubble a shekarun 1990.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Carina, wanda ke da nisan shekarun haske kimanin 330,000. Lokacin da aka zana taurarinsa ta wannan hanya a shekarun 1990, ba makarkata ɗaya aka gani ba. A ƙasan zanen akwai ta tsofaffin taurari da suka haura shekaru biliyan 10, a samanta akwai wata ta daban, wadda ta fi yawan taurari, ta waɗanda aka haifa kimanin shekaru biliyan 7 da suka wuce, sannan a can sama akwai alamar wasu 'yan tsiraru da suka fi ƙuruciya. Tsakanin ta farko da ta biyu akwai fili da kusan babu kowa a cikinsa, kuma wannan fili shi ne abin lura, domin yana nufin galaksin ya haifi taurari, ya yi shiru na biliyoyin shekaru, sannan ya farfaɗo ya haifi fiye da na farko. Ina gas ɗin ya tafi a lokacin shirun, kuma me ya dawo da shi? Wasu masana suna ganin fashewar taurarin farko ce ta ɗumama shi ta watsa shi zuwa gefe ba tare da ta raba shi da galaksin baki ɗaya ba, wasu kuma suna danganta farfaɗowar da wucewar Carina kusa da Milky Way. Har yau ana muhawara a kai.

Sauran ma kowanne da nasa labarin, wanda shi ne abin da ya rusa tsohon zaton da ake yi cewa dukkansu tsofaffin taurari ne masu shekaru ɗaya. Sculptor ya haifi kusan dukkan taurarinsa fiye da shekaru biliyan 10 da suka wuce, sannan ya tsaya. Fornax bai tsaya ba sai 'yan ɗaruruwan miliyoyin shekaru da suka gabata. Leo I ya yi yawancin haihuwarsa a tsakiyar rayuwarsa, ya daina kimanin shekaru biliyan ɗaya baya. Leo A, wanda ke can keɓe da nisan shekarun haske kusan miliyan 2.6, ya yi jinkiri na ban mamaki, domin wani bincike da aka yi da Hubble a 2007 ya nuna cewa kusan kashi 90 cikin 100 na taurarinsa an haife su ne a cikin shekaru biliyan 8 na baya-bayan nan.

Shekaru kaɗai ba su isa ba, sai an haɗa da sinadarai, kuma nan ne aikin yake ƙara daɗi. Bayan Babbar Fashewa, wato mafarin sararin samaniya, kimanin shekaru biliyan 13.8 da suka wuce, babu wani sinadari a sarari sai haidurojin da hiliyam da ɗan burbushin litiyam. Kusan duk sauran sinadarai, daga oksijin zuwa baƙin ƙarfe zuwa zinariya, taurari ne suka ƙera su, a cikinsu ko a wajen mutuwarsu, suka watsa su cikin gas ɗin da taurarin gaba za su fito daga ciki. Saman tauraro marar nauyi yakan adana yawancin sinadaran gas ɗin da ya haife shi kamar yadda suke ranar haihuwar. Saboda haka idan aka tsaga haskensa zuwa launuka, aka duba baƙaƙen layukan da kowane sinadari yake bari a wurinsa na musamman, to an ga yadda gas ɗin galaksin yake a wancan zamanin. Ana yin wannan aiki ne da jajayen ƙattin taurari, saboda su ne mafi haske, ta amfani da manyan madubai irin su VLT da ke Paranal a ƙasar Chile da Keck da ke tsibirin Hawai.

Akwai wani agogo a cikin waɗannan sinadarai, wanda Beatrice Tinsley ta fayyace tushensa a 1979, shekaru biyu kafin rasuwarta tana da shekaru 40. Manyan taurari da ke mutuwa da wuri sukan fashe su zubar da oksijin da maganiziyam da silikon da kalsiyam masu yawa, tare da baƙin ƙarfe daidai gwargwado. Akwai kuma wata fashewar ta daban, wadda ke aukuwa idan gawar ƙaramin tauraro, wadda ake kira farar wada, ta jawo abu daga abokin zamanta ko ta haɗu da wata irinta har ta tarwatse. Ita wannan baƙin ƙarfe take zubarwa da yawa, maganiziyam kuwa kaɗan ƙwarai, kuma ba ta yawaita sai bayan ɗaruruwan miliyoyin shekaru zuwa biliyan ɗaya ko fiye. Sakamakon haka, taurarin farko a kowane galaksi suna da maganiziyam mai yawa idan aka kwatanta da baƙin ƙarfensu, sannan daga lokacin da fashewa ta biyu ta fara yawa sai wannan gwargwado ya soma sauka. Idan aka zana shi, layin yakan tafi a miƙe sannan ya lanƙwasa ƙasa, kuma masana suna kiran wurin lanƙwasar da suna gwiwa.

Muhimmancin gwiwar yana cikin wurin da ta faɗo. Lokacin da fashewa ta biyu take farawa kusan ɗaya ne a ko'ina, don haka yawan baƙin ƙarfen da galaksi ya riga ya tara kafin gwiwar yana nuna saurin da ya yi wajen haifar taurari da riƙe abin da suka zubar. A Milky Way gwiwar tana wajen kashi ɗaya cikin 10 na baƙin ƙarfen da ke jikin rana. A Sculptor tana wajen kashi ɗaya cikin 60, kuma da aka haɗa sinadaran taurarinsa da shekarunsu a wani bincike na 2012, an kiyasta cewa ta auku ne kimanin shekaru biliyan 2 bayan fara haifar taurari. Wato a tsawon lokacin da babban galaksi ya wadata gas ɗinsa sosai, ƙaramin bai tara abin kirki ba. Sagittarius, wanda ya fi Sculptor nauyi nesa ba kusa ba, gwiwarsa tana tsakanin ta su biyun. Ina ganin babu wani awo a wannan fanni da yake faɗin abu mai yawa da 'yan taurari kaɗan kamar wannan, ko da yake a ƙananan galaksi da yawa taurarin da aka auna ba su isa su nuna gwiwar ƙarara ba, kuma ya kamata a riƙa faɗin haka idan ana kawo alƙaluma.

Me ya sa ƙananan suka kasa tarawa? Amsar tana cikin raunin ƙarfin da suke jawo abu da shi. Taurarin galaksi irin Sculptor ko Draco suna yawo a cikinsa da gudun kimanin kilomita 10 a daƙiƙa ɗaya, alhali abin da fashewar tauraro ke watsawa yana fita da gudun dubban kilomita a daƙiƙa. Kamar mazubi ne marar zurfi, wanda ɗan girgiza kaɗan ya isa ya zubar da abin da ke cikinsa. Evan Kirby da abokan aikinsa, waɗanda suka auna dubban taurari da madubin Keck, sun lissafa sinadaran da ya kamata taurarin waɗannan galaksi su ƙera, suka kwatanta da waɗanda suka rage a cikinsu, suka tarar fiye da kashi 90 cikin 100 sun salwanta. A 2013 kuma suka nuna cewa akwai ƙa'ida guda da ta ratsa daga mafi ƙanƙanta har zuwa manyansu: duk lokacin da nauyin taurarin galaksi ya ninka sau 10, yawan baƙin ƙarfen da ke jikin taurarinsa yakan ninka kusan sau biyu. Wani abin kuma shi ne, ko wannan ɗan riƙon da suka yi ba taurarinsu ne suka yi shi ba. Tun 1983 Marc Aaronson ya auna gudun 'yan taurari a Draco, ya ga sun yi saurin da nauyin da ake gani ba zai iya riƙe su ba, kuma awon da aka yi daga baya ya tabbatar da cewa mafi yawan nauyin waɗannan galaksi na ɓoyayyen abu ne da ba ya fitar da haske. Ba don shi ba, da fashewar taurarin farko ta kwashe gas ɗin baki ɗaya.

Ban da abin da ke faruwa a cikin gida, akwai na maƙwabci. An daɗe da lura cewa ƙananan galaksin da ke tsakanin shekarun haske kimanin 900,000 daga Milky Way ko Andromeda, babban galaksin da ke maƙwabtaka da namu, kusan dukkansu ba su da gas, alhali waɗanda ke nesa da haka yawancinsu suna da shi kuma suna ci gaba da haifar taurari. Babban galaksi yana lulluɓe da siririn gas mai tsananin zafi, kuma idan ƙarami ya ratsa ta ciki da gudu, wannan gas ɗin yakan share nasa ya bar shi fayau. Galaksi biyu da ake kira Gajimaran Majalan, babba mai nisan shekarun haske kusan 160,000 da ƙarami mai kusan 200,000, su ne suka saɓa wa wannan ƙa'ida, domin suna da nauyi, kuma awon tafiyarsu ya nuna mai yiwuwa yanzu ne suke isowa karon farko. Su ma ɗin sun fara asara, ga doguwar jelar gas da suke bari a bayansu wadda ta ratsa wani babban yanki na sararin samaniya. Sai dai akwai Cetus da Tucana, waɗanda ke nesa da kowa amma ba su da gas, kuma ba na jin ya dace a riƙa tsallake su don kawai sun ɓata tsarin bayanin.

Daga 2005 aka shiga wani sabon babi, lokacin da binciken sararin samaniya na Sloan ya fara bankaɗo wasu galaksi masu raunin haske fiye da kima, waɗanda ba a ganinsu a hoto sai kwamfuta ta tace ta nuna cewa taurari sun ɗan fi yawa a wani wuri. A 2014 Thomas Brown da abokan aikinsa suka auna guda shida daga cikinsu da Hubble, suka tarar kusan kashi 80 cikin 100 na taurarinsu sun riga sun haihu tun shekaru biliyan 12.8 da suka wuce, kuma dukkansu sun daina haihuwa kusan lokaci guda duk da cewa suna warwatse a wurare daban-daban. Abin da zai tsayar da galaksi shida a lokaci ɗaya dole ya zama abin da ya game ko'ina, kuma bayanin da ya fi ƙarfi shi ne hasken taurari da galaksin farko, wanda ya ɗumama gas ɗin sarari gaba ɗaya a cikin shekaru biliyan ɗaya na farko, har mafi ƙanƙantar galaksi suka kasa riƙe nasu ko jawo wani. Sinadaransu ma sun yarda da haka. A Segue 1 yawan baƙin ƙarfe ya bambanta fiye da ninki 100 daga tauraro zuwa tauraro, amma maganiziyam bai sauka ba, wato galaksin ya mutu tun kafin ya kai ga gwiwa.

A cikin waɗannan ne aka samu Reticulum II, wanda aka gano a 2015 da nisan shekarun haske kusan 100,000. Alexander Ji da Anna Frebel da abokan aikinsu sun auna taurari tara mafi haske a cikinsa da madubin Magellan da ke Chile, suna tsammanin za su ga abin da aka saba gani a irinsa, wato ƙarancin sinadarai masu nauyi sosai. Sai ga layukan yuropiyam da bariyam sun fito baro-baro a taurari bakwai daga cikin taran, da yawan da ya ninka na sauran galaksi irinsa sau ɗaruruwa, alhali sauran biyun, waɗanda suka fi talaucin baƙin ƙarfe, ba su da wannan alama. Ma'anar a bayyane take: biyun an haife su kafin wani abu ya faru, bakwai ɗin kuma bayansa. Kuma tunda sauran galaksin da aka auna a lokacin ba su nuna irin wannan ba, to abin ba fashewar da aka saba ba ce, abu ne da ba ya yawan aukuwa amma yake zubar da sinadarai masu yawa a karo ɗaya. An wallafa sakamakon a 2016, aka kawo karon gawawwakin taurari biyu masu tsananin cushewa, waɗanda ake kira taurarin niyutiron, a matsayin abin da ya fi dacewa. A ranar 17 ga Agusta 2017 aka ga irin wannan karo kai tsaye a galaksin NGC 4993, kuma haskensa ya nuna alamun ƙera sinadarai masu nauyi, dangin da zinariya take ciki. A babban galaksi da tuni wannan shaida ta narke cikin ta miliyoyin fashe-fashe. Ƙanƙantar Reticulum II da gajartar rayuwarsa su ne suka adana ta.

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana bin wannan fanni. A 1978 Leonard Searle da Robert Zinn suka kawo ra'ayin cewa tsofaffin taurarin da ke lulluɓe da Milky Way sun fito ne daga ƙananan gutsattsari da ya haɗiye, don haka aka zaci galaksi irin Sculptor da Carina ragowar waɗannan gutsattsarin ne. Amma da aka fara auna sinadaransu dalla-dalla a farkon shekarun 2000, sai aka ga yawancin taurarinsu suna da ƙarancin maganiziyam idan aka kwatanta da na lulluɓin da ke da baƙin ƙarfe daidai da nasu. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin rushewar ra'ayin, amma ni a ganina gyara ne ya yi masa. Waɗanda aka haɗiye da wuri sun fi nauyi, sun yi saurin wadata gas ɗinsu, kuma an katse musu rayuwa tun da sauran ƙarfinsu, alhali waɗanda suka tsira sun ci gaba da tafiyar hawainiya ta biliyoyin shekaru. A 2018 bayanan kumbon Gaia suka nuna cewa wani babban kaso na taurarin lulluɓin da ke kusa da mu daga galaksi guda ya fito, wanda Milky Way ya haɗiye kimanin shekaru biliyan 10 da suka wuce, kuma aka raɗa masa suna Gaia-Enceladus. An tabbatar da baƙuntar taurarinsa ne ta hanyar tafiyarsu da kuma gwiwarsu, wadda ta faɗo ƙasa da ta Milky Way amma sama da ta Sculptor.

Abin da nake ganin ya fi bukatar taka-tsantsan yanzu shi ne kusan duk wannan ilimi an gina shi ne a kan mabiyan galaksi guda ɗaya, wato namu. Binciken da aka yi da Hubble a kan mabiyan Andromeda guda 36, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2025, ya nuna cewa tarihin haihuwar taurarinsu bai yi daidai da na mabiyan Milky Way ba, domin da yawa daga cikinsu sun ci gaba da haihuwa a hankali na tsawon lokacin da ba a saba gani a nan ba. Shi ya sa keɓaɓɓun galaksi irin WLM, mai nisan shekarun haske kusan miliyan 3, suke da muhimmanci, tunda babu wani babba kusa da su da za a ɗora wa alhakin abin da ya same su. Madubin James Webb ya ɗauki hoton WLM a 2022, ya rarrabe taurarinsa har ƙasa da makarkatar mafi tsufansu, kuma cibiyar Vera Rubin da ke Chile, wadda ta fitar da hotunanta na farko a watan Yunin 2025, ana sa ran za ta gano ƙarin ƙananan galaksi masu yawa a ɓangaren kudu na sararin samaniya, ciki har da waɗanda ke nesa da Milky Way da Andromeda, inda za a iya gwada ko ɗumamar farko ita kaɗai ta isa ta tsayar da haihuwar taurari.